Makarantar da Ta Riƙe Unguwa Ma Ta Cancanci a Kira Sunanta

Ranar da aka fitar da sakamakon jarabawar shahada, wato jarabawar kammala sakandare ta Sudan, muna zaune wurin wata mai shayi a Gadarif da ke gabashin ƙasar, an ƙure rediyo, kowa ya kasa kunne. Kamar yadda aka saba, jami'in Ma'aikatar Ilimi ya bi sunayen ɗalibai ɗari na farko ɗaya bayan ɗaya: sunan yaro, makinsa, makarantarsa, jiharsa. Da aka kai ƙarshe, wani dattijo da nake ganin girmansa ya ajiye kofinsa ya dube ni.

Ya ce, "Ka ji ko, ɗana? Makarantar 'yan matan nan ta unguwarmu ko sau ɗaya ba a ambace ta ba. Ba ta fitar da kowa ba. Ni kam zan cire jikokina in kai su ta kuɗi."

Na ce, "Baba, makarantar da ta kwana da mutanen Madani kake cewa ba ta fitar da kowa ba?"

Ya ce, "Wannan ai taimako ne. Ni maganar karatu nake yi."

Wannan rabon da ya yi, taimako daban karatu daban, shi ya hana ni sakat. Lokacin da birnin Wad Madani ya faɗa hannun dakarun RSF a yaƙin Sudan, a watan Disamba na 2023, jama'a suka kwararo gabas ba su da inda za su sa haƙarƙarinsu, makarantar ce ta buɗe ajujuwanta. Malamanta, da suka yi wata da watanni ba su ga albashi ba, su suka riƙe rajistar iyalai, suka san wa ke da mai jego, wa ke da mai ciwon suga. Ɗalibanta suka riƙa tara ƙananan yaran baƙi ƙarƙashin darbejiya suna koya musu baƙi da lissafi, suna bi ɗaki ɗaki suna nuna wa mata yadda ake sa kulorin a ruwan sha lokacin da kwalara ta shigo gari. Ba wanda ya umarce su. Kuma har yau ba wanda ya tsaya gaban makirfo ya faɗi sunan makarantar.

Matsayina a fili yake. Ya kamata Sudan ta riƙa karrama makarantun da suka yi fice wajen tarbiyyar ɗan ƙasa da yi wa jama'a hidima, a bainar jama'a, a rana ɗaya da tebur ɗaya da waɗanda suka yi fice a maki. Kuma in gwamnati ta yi jinkiri, mu Hausawan ƙasar nan muna da dalilin da ya fi na kowa na fara yin hakan a unguwanninmu.

Abin da ake yabawa shi ake nomawa

Duk wanda ya zauna a Gadarif ya san yadda manomi yake yanke shawara. In riɗi ya yi daraja a kasuwar amfanin gona bana, baɗi gonaki za su cika da riɗi. In dawa ce ta yi kuɗi, a koma dawa. Mudirin makaranta, wato shugabanta, ma haka yake. Ya san abu ɗaya ne za a tambaye shi a ofis, abu ɗaya iyaye za su duba kafin su kawo 'ya'yansu: kashi nawa cikin ɗari suka ci, su wa suka shiga ɗari na farko.

Daga nan sauran suke biyowa. Mun ga makarantun kuɗi da ba sa karɓar yaro sai makinsa ya riga ya yi sama, sannan su buga hotonsa a allo su ce su suka yi shi. Mun ga inda ake lallaɓa iyayen yaro mai rauni su kai shi wani wuri ya yi rajistar jarabawa, don kada ya ja wa makarantar ƙasa. Mun ga an cinye lokacin wasanni, da na ƙungiyar adabi, da na aikin lambu, an mayar da su duka darussan bita. Ba na zargin malamai da mugunta. Sun bi inda yabo yake ne kawai.

To ina laifin a buɗe wata ƙofar yabo? Ban ce a rage wa yarinyar da ta zo ta ɗaya a ƙasa komai ba. Ta yi wahala, yabon gwani ya zama dole, a kira sunanta a yi mata guɗa. Abin da nake cewa shi ne a cikin wannan taron a ƙara minti goma.

Me nake nufi da tarbiyyar ɗan ƙasa?

Ba rera taken ƙasa a layin safe nake nufi ba, duk da ba na raina shi. Yaro yana iya haddace shi ya fita ƙofar makaranta ya jefi ɗan wata ƙabila da dutse.

Ina nufin yaron da ya san in famfon unguwa ya lalace akwai ofishin da ake zuwa a ƙaramar hukuma, ya kuma iya rubuta takardar koke mai tsabta ya bi ta. Yarinyar da aka ba ta riƙon kuɗin aji ta tsaya gaban 'yan uwanta ta karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. Ɗaliban da suka zaɓi shugabansu da ƙuri'a, wanda ya faɗi ya miƙa wa wanda ya ci hannu, washegari su ci gaba da cin ful a kwano ɗaya. Yaron da ya iya yin gardama mai zafi ba tare da ya tono asalin abokin gardamarsa ba. Waɗannan ba a haihuwar mutum da su. Koyo ake yi, kuma da aikatawa ake koyonsu.

Ƙasar nan ta taɓa ɗaukar wannan da muhimmanci. Cibiyar horar da malamai ta Bakhtar Ruda, da aka kafa kusa da Duwaim a 1934, ta fitar da littafin labarin ƙasa mai suna Subul Kasbil Aish fis Sudan, inda ɗan firamare yake kai ziyara a zuci wurin abokai a sassan ƙasa: Siddiƙ a Golid can arewa cikin dabino, Mango a Yambio can kudu, da wasunsu. Yaro ya ga abin da suke ci, da yadda suke neman na kansu, ya kira su abokai. Har yau akwai dattawan da suke rera waƙar ziyarar nan da ka. Da za a sake rubuta irinsa, ina fata a sa aboki a Mai Wurno, a sa wani a Rusairis, a sa wata ƙawa a Nyala.

Kuma kada a ce wannan abin ya mutu. A ambaliyar Khartoum ta 2013 samari da 'yan mata ne suka haɗa gayya da sunan Nafir suka kai agaji kafin hukuma ta motsa. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, ofisoshi suka rufe, ƙungiyoyin waje suka kwashe ma'aikatansu, ɗakunan agajin gaggawa na unguwanni ne suka ɗora tukwanen adas da balila, suka nemo magani, suka fitar da marasa lafiya, suka binne mamata. Da yawa daga cikinsu sun rasa rayukansu a kan haka. A 2025 aka ba su lambar Rafto ta ƙasar Norway da lambar Right Livelihood ta ƙasar Sweden. Mutanen nesa sun ga abin yabo sun yaba. Mu kuwa ba mu tsaya mun tambaya ba: a wace makaranta wannan yaron ya fara koyon riƙe littafin kuɗin jama'a? Wace malama ce ta fara cewa yarinyar nan "ke za ki jagoranci aji"? Akwai amsa, kuma amsar tana da suna da adireshi.

"Ana yaƙi kana maganar lambar yabo?"

Wannan ita ce magana ta farko da za a jefo mini, kuma tana da nauyi. A watan Oktoba na 2023 UNICEF ta ce yara miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a Sudan. Ɗaliban da ya kamata su zauna shahada a 2023 sai a ƙarshen Disamba na 2024 suka zauna, kuma dubbai a Darfur da sassan Kordofan ko hakan ba su samu ba. Malami yana sayar da gawayi a kasuwa don ya ciyar da gidansa. A irin wannan hali, wa ya damu da takardar yabo?

Amsata ita ce yaƙin ne ma ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Ku duba wa ya biya farashi. Makarantar da ta buɗe ƙofa ta rasa watanni na karatu fiye da wadda ta rufe. Bencinanta sun karye, wasu an hura wuta da su don a dafa wa yara abinci. Masanta sun cika, allunanta sun lalace. Da aka koma karatu, ɗalibanta a ƙasa suke zaune. Ita kuwa makarantar da ta garƙame ƙofa da kwaɗo ta sa mai gadi, kujerunta suna nan lafiya, ta buɗe da wuri, ta fitar da maki mai kyau, an kira sunanta a rediyo.

In muka bar lissafin a haka, darasin da muka koya wa kowane mudiri shi ne: gobe in masifa ta zo, ka rufe ƙofarka. Wannan darasin ya fi ƙarfin ƙasar da ambaliya da annoba da gudun hijira ba sa yi mata nisa.

Amma in faɗi abu ɗaya da babbar murya. Albashin malami haƙƙi ne, ba a biyansa da takarda mai ado. Duk jami'in da zai miƙa wa malama kofi ya tafi da bashin albashinta a aljihunsa, gara ya zauna a ofishinsa. Kuma kyautar da nake nufi ba kofi ba ce. A gyara masai, a kawo benci, a sa tankin ruwa da fitilar sola. Yaba kyauta tukuici, kuma tukuicin makarantar da ta ba da kujerunta shi ne a mayar mata da kujeru.

"Tarbiyya ai aikin gida ne da masallaci"

Gaskiya ne, kuma ba na neman makaranta ta ƙwace wa uwa aikinta. Sai dai a gida yaro da danginsa yake zaune. A masallacin unguwa, galibi da masu harshensa yake sahu. Aji ne wurin da Bahaushe da Bahadandawe da ɗan Nuba da ɗan Ja'aliyyin suke zama a benci ɗaya shekara da shekaru, ko sun so ko sun ƙi. In ba a nan suka koyi zama da juna ba, a kasuwa za su haɗu suna manya, kowa da labarin da aka ba shi a gida game da ɗan uwansa.

Ban kuma ware khalwa, wato makarantar allo, ba. Tukunyar ciyar da jama'a da ta riƙe birane a yaƙin nan, daga zauren malamai aka gaje ta, inda wutar karatu da wutar girki ba sa mutuwa. Khalwar da almajiranta suke share magudanar ruwa kafin damina, wadda malaminta ya yarda a yi wa yara rigakafi, ya bar su su je aji da safe, ita ma a sa ta a lissafi.

Mu da muka fito daga zuriyar jama'ar Shehu ba baƙi ba ne a wannan. Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, ta riƙa tura jajis, wato matan da ke jagorantarsu, ƙauyuka suna karantar da mata, suna sasanta rigima, suna kula da marasa ƙarfi. Kuma ba ta bar su haka kawai ba. Ta naɗa wa kowace jaji malfa da rawani, duk wanda ya gan ta a hanya ya san wannan mai hidimar jama'a ce, ya ba ta girmanta. Ta san aikin alheri yana buƙatar alama da idon mutane zai gani.

Tsoron da ya fi kowanne gaskiya

Akwai masu cewa, kuma su na fi saurara: duk lokacin da gwamnati a ƙasar nan ta ce "kishin ƙasa", ka riƙe ɗanka da kyau.

Ba su yi ƙarya ba. Waɗanda suka yi sakandare a zamanin Inƙaz, wato mulkin Umar al-Bashir, sun tuna kayan makaranta masu zanen kakin soja. Sun tuna yadda aka ɗaure shiga jami'a da hidimar ƙasa ta dole. Iyaye ba su manta da sansanin Ailafun ba, inda a watan Afrilu na 1998 samari da suka nemi tafiya gida yin babbar salla suka mutu, wasu da harsashi, wasu a cikin kogi. Duk da sunan tarbiyyar ɗan ƙasa aka yi. Bayan juyin 2019 kuma aka shiga wata rigimar a kan sabon manhaja, har Firaminista Hamdok ya dakatar da shi, shugaban cibiyar manhaja Umar al-Garrai ya ajiye aiki a watan Janairu na 2021. Kowace gwamnati ta zo tana son ta rubuta kanta a littafin yara.

Yau haɗarin ya fi girma. In aka ƙirƙiro lambar yabo ta "makaranta mai kishin ƙasa" a cikin yaƙi, ba wuya ta zama kyautar wadda ta fi tura samari sansanin horo, ko wadda ta fi iya jera yara a rana suna tafa wa babban baƙo. In haka za ta kasance, ni ne na farko da zan ce a bar ta.

Amma maganin wannan ba shi ne a watsar da batun ba. Maganinsa a rubuta sharuɗɗa tun farko, a fili, yadda ba mai lanƙwasa su. Kada a duba abin da yara suka rera, a duba abin da suka yi wa maƙwabta. Duk aikin da ya shafi makami, ko jam'iyya, ko tarbar shugaba, ba ya cikin lissafi. Hidimar da aka yi wa ƙabila ɗaya aka tsallake wata, ita ma ba ta ciki. Kuma kada alƙalan su zama ma'aikatan ofishin gwamna kaɗai. A sa malamai da suka yi ritaya, da wakilan majalisun iyaye, da limami, da ungozoma, da matasan da suka yi aikin agaji, kuma kada kowa ya yi hukunci a kan makarantar unguwarsu.

Na lura da wani abu. Masu mulki ba su cika son irin tarbiyyar da nake magana a kai ba, domin yaron da ya saba tambayar ma'ajin aji "ina sauran kuɗin?" wata rana zai tambayi shugaban ƙaramar hukuma. Wannan kaɗai ya isa ya nuna bambancin abin da nake kira da abin da aka yi mana a baya.

Yaya za a auna?

Maki lamba ne, hali ba lamba ba ne. Za a yi son kai, za a yi "ɗan wane", masu kuɗi za su ɗauki mai hoto su raba buhu biyu na shinkafa su cika Facebook. Duk na yarda za a gwada.

'Yan uwanmu da ke Makka da Jidda suna ba mu labarin tsarin Saudiyya, inda ɗalibin sakandare sai ya cika awa 40 na aikin sa kai kafin ya kammala. Akwai hikima a ciki, ko ba komai ya sa iyaye sun san aikin jama'a wani ɓangare ne na karatu. Amma ƙirga awa ba zai yi mana ba. Inda ake ƙirga awa, ana iya neman sa hannu ba tare da an yi gumi ba.

Hanyar da na fi yarda da ita mai sauƙi ce: a je a tambaya. A tambayi matar da take sayar da kisra a ƙofar makarantar. A tambayi iyalan da suka zauna a ajujuwan, ko sun koma Madani ko Sinja ana samunsu a waya. A ce a kawo littafin kuɗin majalisar iyaye a buɗe. A kira ɗalibai ba tare da malami a wurin ba, a ce wa ya zaɓi shugabanku, yaushe kuka taɓa kawo koke aka gyara? A duba yara nawa da suka bar karatu makarantar ta bi har gida ta dawo da su. Ƙarya ba ta jure irin waɗannan tambayoyin.

Sannan a auna kowa da abin da ke hannunsa. Makarantar ƙauye mai aji huɗu da ta shawo kan iyaye suka bar 'yan mata suka kammala, ta fi makarantar birni mai motoci da ta kai ziyara gidan marayu sau ɗaya. In ba a yi haka ba, masu kuɗin da suka kwashe kyautar maki su za su kwashe wannan ma.

Za a yi kuskure, ba shakka. A 2018 takardar jarabawar kimiyyar sinadarai ta fita kafin lokaci har sai da aka sake zama. Ba wanda ya ce a soke shahada saboda haka.

Masu cewa hidima za ta cinye lokacin karatu kuwa, su duba yarinyar da ta koya wa ƙananan yara lissafi wata shida. Ba ta mance lissafi ba.

Mu Hausawa, me ya shafe mu?

Komai ya shafe mu.

Kakanninmu sun daɗe a kan wannan hanya, tun zamanin da ake tafiya hajji a ƙasa. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a har bakin kogin Nilul Azraƙ (Blue Nile), garin da suka kafa kusa da Sinnar yana nan da sunansa. Hannayenmu suna cikin audugar Jazira tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, suna cikin dawar Gadarif, da lambunan Kassala, da kamun kifin Rusairis. Duk da haka, har yau saurayi Bahaushe yana zuwa neman lambar ɗan ƙasa a yi masa tambayoyin da ba a yi wa na gabansa a layi ba.

Sai kuma 2022. A watan Yuli rikici ya tashi a jihar Nilul Azraƙ a kan ƙasa da sarautar gargajiya, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba. Ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka bar gidajensu, da yawa a makarantu suka fake. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yawancin waɗanda suka ɗauki makami a kowane ɓangare samari ne, kuma kalaman da suka hura wutar a waya suka yi ta yawo, kalamai irin su "baƙi" da "ba 'yan ƙasa ba". Wasu daga cikin samarin nan tare suka yi aji. Sun zauna kusa da juna shekaru, sun ci jarabawa ɗaya, amma ba wanda ya taɓa sa su aiki ɗaya da zai sa ɗaya ya dogara da ɗaya.

A yau akwai malamai a Damazin da Rusairis da suke shiga aji mai ɗan Hausa da ɗan Barta da ɗan Hamaj, kowa da wanda ya rasa. Malamin da ya iya sa waɗannan yaran suka dasa bishiya tare, suka riƙe asusun aji tare, ya yi aikin da taron sulhu na otal bai yi ba. Ina sunansa? Wa ya san makarantarsa? In mudirin makarantar da ke kusa ya ga an ɗaga wannan, gobe shi ma zai gwada.

Akwai kuma namu na cikin gida, kuma ba zan ɓoye shi ba. Muna da yawan cewa ba a yi da mu, amma ranar taron majalisar iyaye kujerunmu ne babu kowa. Muna cire yaro daga aji lokacin yankan riɗi, mu cire yarinya da zarar ta tasa. Muna jin tsoron ofis, mu aika a yi mana magana maimakon mu je da kanmu. Yaron da ya taso a makarantar da ake zaɓe, ake koke, ake bin diddigi, ba zai tsaya a bakin ƙofar ofis yana sunkuyar da kai ba. Zai shiga da takardunsa, ya san dokar da ta ba shi haƙƙi, ya yi magana cikin ladabi ba tare da rawar murya ba. Kuma ɗan maƙwabcinmu da ya yi aikin gayya da shi tun suna yara, in ya zama jami'i a bayan tebur, ba zai tambaye shi daga ina kakansa ya zo ba.

A fara daga inda hannu ya kai

Ba sai mun jira sanarwa daga minista ba. Ƙungiyoyinmu na unguwa, da 'yan kasuwarmu, da 'yan uwa da ke aiko da kuɗi daga Saudiyya, suna iya haɗa abin da zai sayi benci hamsin da tankin ruwa. A kafa kwamiti, a gayyato maƙwabtanmu na sauran ƙabilu su zauna a ciki da cikakkiyar murya, domin in ta zama kyautar Hausawa ga makarantun Hausawa, mun rushe abin da muke ginawa. A zaɓi makaranta ɗaya a ƙaramar hukuma, a tara jama'a a filinta, a karanta abin da ta yi dalla-dalla, a kira malamai da sunayensu, har da mai gadi da mai shara. A kai labarin gidan rediyon jiha. Shekara ta biyu wasu za su nemi shiga, daga nan a tunkari ma'aikatar ilimi ta jiha da abin da aka riga aka gwada.

Sharaɗi ɗaya nake roƙo kada a manta da shi, ko a unguwa ko a matakin ƙasa: kada a ce sai makaranta mai gini da hatimi. Akwai malaman da suka tsallaka Adre a Chadi da ɗalibansu suna karantarwa a rumfar buhu. Akwai waɗanda suke tara yara a sansanonin Tawila da Kosti da gefen Port Sudan, ba allo, ba alli. Ba su da lambar cibiyar jarabawa, saboda haka ba za su taɓa fitowa a jerin ɗari na farko ba. Kwamitin da zai yi wannan aiki ya tanadi hanyar da za a kawo sunayensu, ko da ta saƙon murya ne a waya, kuma ya tura wanda zai je ya gani da idonsa.